Yadda Ake Gane Wuƙar Yaƙi ta Asali da Tantance Shekarar da Aka Ƙera Ta

Tambayar da masu sha'awar tara tsofaffin makamai suke ta maimaitawa ita ce, idan mutum ya ci karo da wuƙar soja wadda ba ta naɗewa, a wurin masu kayan gwanjo ko a shafin gwanjo na intanet ko cikin kayan gado, ta ina zai fara har ya san ko ta Yaƙin Duniya na Biyu ce ko kuwa ƙirar shekaranjiya ce da aka shafa wa tsufa. Wannan jagora ta tsaya kan wuƙaƙe uku da suka fi yawo a hannun masu tarawa, kuma su ne aka fi yi wa jabu: Mark 2 ta sojojin ruwan Amurka wadda aka fi sani da Ka-Bar, da M3 ta sojojin ƙasa na Amurka, da Fairbairn-Sykes ta kwamandojin Birtaniya. Jerin matakan yana da muhimmanci, domin yawancin waɗanda aka cuta sun fara ne da karanta tambari, alhali tambari shi ne abin da ya fi sauƙin bugawa a jikin kowane ƙarfe.

1. Tanadi kayan aiki

Kana buƙatar gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo, da ƙaramar tocila mai farin haske, da ma'aunin tsawo mai inci da santimita, da ma'aunin kauri irin na masu aikin injin sassaƙa ƙarfe, da ɗan maganaɗisu, da fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji suke gwada takardun kuɗi da ita, sai tsumma mai laushi da wayar da ke ɗaukar hoto daga kusa. Duk waɗannan idan aka haɗa ba su kai kuɗin sabuwar Ka-Bar guda ɗaya ba, wadda a Amurka take kusan dala 100.

Gargaɗi: maganaɗisu ba zai gaya maka ko ruwan wuƙa tsoho ne ba, domin ƙarfen da ba ya tsatsa da ake yin wuƙaƙen zamani da shi yana kama maganaɗisu kamar yadda tsohon ƙarfe yake kamawa. Amfaninsa yana wajen ƙota da kwalliyar kube, inda yake raba tagulla da tutiya daga baƙin ƙarfen da aka yi wa rufi.

2. Kada ka gyara komai tukuna

Kafin ka goge ko da ƙura, shimfiɗa wuƙar a kan farin ƙyalle a inuwa, ka ɗauki hotonta gaba da baya, sannan ka ɗauki gindin ƙota, da makarin hannu ta sama da ta ƙasa, da wuyan ruwa inda ya haɗu da makari, da kube ciki da waje. Ka rubuta inda ka same ta da abin da aka gaya maka a kanta.

Gargaɗi: kada ka kai ta wurin mai wasa wuƙa, kada ka sa mata samfefa ko magagari, kada ka jiƙa ta a fetur ko ruwan batir don cire tsatsa, kuma kada ka kwance notin gindi don leƙa ciki. Kowanne daga cikin waɗannan yana share shaidar da za ka karanta a matakai na gaba, yana kuma zubar da darajarta a kasuwa yadda ba za a iya mayarwa ba. Wuƙa mai duhun tsufa ta fi mai sheƙi tsada nesa ba kusa ba.

3. Gane danginta ta siffa da awo

Mark 2 tana da ruwa mai tsawon inci 7, wato kusan santimita 18, kaifi ɗaya, da kwarmi dogo a kowane gefe, bayanta kuma ya rusuno wajen tsini. Ƙotarta faya-fayan fata ne da aka jera aka matse, da dunƙulen ƙarfe a gindi. M3 ita ma ƙotar fata ce da ita, amma ruwanta siriri ne mai inci 6 da kwata uku, ba shi da kwarmi, kaifinsa ɗaya cikakke ne ɗayan kuma ya tsaya a kusan rabi, sannan ɓangare ɗaya na makarinta ya lanƙwasa gaba domin ɗora babban yatsa. Idan ka ga zobe a jikin makarin, to ba M3 ba ce, M4 ce wadda ake ɗaurawa a bakin bindiga, kuma ita ce ta gaje ta a 1944. Fairbairn-Sykes ba ta ɓuya: kaifi biyu ne da ita, tsini kamar na mashi, ruwa kusan inci 7, ƙotarta kuma ƙarfe ce zagayayya mai ɗan ciki.

Idan ruwa ya gaza awo da fiye da rabin inci, akasari tsinin ne ya taɓa karyewa aka sake fiƙe shi. Dubi kwarmin Mark 2, idan ƙarshensa ya matso tsini fiye da kima, an ci ƙarfe daga gaba. Irin wannan wuƙa tana iya zama ta asali, sai dai farashinta ya faɗi.

4. Karanta ƙira kafin tambari

Wannan shi ne matakin da ya kamata ya fi cin lokacinka, domin masana'antu sun riƙa sauya yadda suke haɗa wuƙa a tsakiyar yaƙi saboda gaggawa da ƙarancin kaya, kowane sauyi kuwa ya zama alamar lokaci.

A Mark 2, fara da gindi. An amince da wannan wuƙa a watan Nuwamban 1942, kamfanin Camillus ya fara aika kaya a farkon 1943, kuma na farko-farkon suna da gindi mai kauri da ake murɗawa a kan jelar ruwa, wato sashen ƙarfen ruwan da ya ratsa cikin ƙota. Da aka ga yana kwancewa ko ya karya jelar, sai aka koma buge kan jelar har ta baje a kan gindin, daga baya kuma aka rage kaurin gindin daga kashi uku cikin takwas na inci zuwa kwata, aka soke shi da ƙusa ta gefe. Saboda haka gindi mai kauri da murɗi ko bajajjiyar jela yana nuni ga farkon ƙira, mai ƙusa kuma ga ƙarshen yaƙi ko bayansa. Wasu na farkon suna da siraran faya-faye masu launin ja ko baƙi a ƙarshen ƙota, masu tarawa suna neman su sosai.

Gargaɗi: ƙusa a gindi ba ta tabbatar da cewa wuƙar ta yaƙi ce, domin har yau da ƙusar ake haɗa sababbi. Abin da ke raba su shi ne rufin ƙarfe. Na lokacin yaƙi an yi musu rinin ƙarfe mai duhun shuɗi ko rufi mai ruwan toka marar sheƙi wanda ya shige jikin ƙarfen, na zamani kuwa baƙin fenti ne mai kauri wanda yake ɓarewa idan ya karce.

A Fairbairn-Sykes akwai zubi uku. Zubin farko, wanda kamfanin Wilkinson Sword ya fara bayan ganawarsa da Fairbairn da Sykes, mutanen biyu da suka tsara wuƙar, a Nuwamban 1940, yana da makari mai lanƙwasa kamar harafin S, da fili mai kusurwa huɗu a wuyan ruwa inda aka zana sunan kamfani da na wuƙar, da ƙotar tagulla mai ƙananan tsage-tsage da aka yi wa farin rufi. Ƙirarsa ba ta wuce watanni ba, zuwa wajen Agustan 1941. Zubi na biyu ya miƙar da makarin, ya kawar da filin wuya, ya bar ƙotar mai tsage-tsage. Zubi na uku, daga wajen ƙarshen 1943, ƙotarsa ta narkakkiyar tutiya ce da aka zuba a mazubi, mai zobba 27 a jere, kuma shi ne aka ci gaba da yi a birnin Sheffield na Ingila shekaru aru-aru bayan yaƙi, don haka shi ya fi wahalar sa wa shekara. A nan ka nemi abu biyu. Na farko, ƙaramar lamba daga 1 zuwa 4 da ta fito a tudu kusa da gindin ƙota, lambar mazubi ce da aka saba gani a na lokacin yaƙi. Na biyu, ka karkata tocila a wuyan ruwa, idan ka ga ɗan fili mai kusurwa uku daf da makari, an fiƙe ruwan da hannu ne, na inji kuwa layin tsakiyarsu yana tafiya sambal har cikin makari. Ruwan inji ya fara tun cikin yaƙi, saboda haka rashin wannan fili ba hukunci ba ne shi kaɗai, amma samunsa shaida ce mai nauyi.

M3 ba ta daɗe ba, daga Maris na 1943 zuwa Agustan 1944 aka yi ta, ko da yake an ƙera fiye da miliyan biyu da rabi. Ƙirarta ba ta sauya sosai ba, don haka a wurinta tambari ne zai yi yawancin aikin.

5. Yanzu karanta tambari

Ka yi wa tambari tambaya uku: me ya ce, a ina yake zaune, da me aka yi shi.

A M3 wurin zaman tambari shi ne kalanda. Na farko an buga su a jikin ruwa da shekara, misali U.S. M3 CAMILLUS 1943. Daga nan aka cire shekarar aka bar rubutun a ruwa, a ƙarshe aka mayar da shi kan makari. Kamfanoni tara kaɗai suka yi ta a lokacin yaƙi: Aerial, Boker, Camillus, Case, Imperial, Kinfolks, PAL, Robeson da Utica. Duk sunan da ba ya cikin waɗannan tara ka ajiye shi gefe. Imperial ne ya fi yin da yawa, na Boker da Robeson kuwa ba su da yawa, shi ya sa masu jabu suke son buga sunayensu. Akasari za ka ga ɗan hoton bam mai harshen wuta a gindi ko makari, hatimin sashen makamai na sojan Amurka ne.

A Mark 2 kamfanonin lokacin yaƙi huɗu ne: Camillus, da Union Cutlery na garin Olean mai tambarin KA-BAR, da Robeson, da PAL. Su ma sun fara da buga suna a wuyan ruwa tare da USMC ko USN, wato gajerun sunayen rundunar Marine da rundunar jiragen ruwa ta Amurka, sannan wajen 1944 aka koma kan makari. Wadda ke ɗauke da sunan Utica ko Conetta ta bayan yaƙi ce, zamanin yaƙin Biyetnam, mai sunan kamfanin Ontario kuma ta fi su ƙuruciya. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na Ka-Bar kanta, domin kamfanin ya dawo da yin wannan wuƙa a shekarun 1970 don sayar wa jama'a, da rubutun USMC da sunan Olean, kuma yanzu waɗannan ma sun kai shekara arba'in zuwa hamsin, sun yi tsufan gaske. Mai sayarwa zai iya rantsuwa cewa tsohuwa ce, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba ta ga yaƙin ba.

A Fairbairn-Sykes ka nemi hatimin gwamnatin Birtaniya, wata kibiya mai layi uku kamar sawun kaza, sau da yawa da harafi ko lamba a gefenta irin su B2, a kan makari ko ƙota. Kalmar ENGLAND a kan makari tana rikita sababbin masu tarawa. An buga ta ne a kan rarar kayan yaƙi da aka sayar zuwa Amurka bayan 1945, saboda dokar can ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito, don haka wuƙar yaƙi ta gaskiya tana iya ɗauke da ita, galibi a karkace domin da hannu aka buga. Doguwar lambar kayan ƙungiyar NATO kuwa ba ta da wata fassara face bayan yaƙi.

Sa gilashi a kan haruffan. Tambarin da aka buga da ƙarfi yana nutsewa, ya ɗan tura ƙarfe a gefunansa, zurfinsa kuma ba ya zama daidai daga farkon kalma zuwa ƙarshenta. Na leza yana da gefe mai tsafta, zurfi ɗaya, cikinsa da ƙananan ɗige-ɗige a jere. Abin da ya fi tona asiri shi ne dangantakar harafi da tsatsa. Idan ramukan tsatsa sun ci gefen harafi sun shiga cikinsa, harafin ya riga tsatsar zuwa. Idan harafin ne ya yanka ta kan ramukan, cikinsa fes, to an buga shi ne bayan wuƙar ta tsufa.

Gargaɗi: kada ka cika harafi da alli ko farin fenti don ya fito a hoto, haske daga gefe ya isa. Haka nan wasu kamfanonin asali, ciki har da Camillus kafin ya rufe a 2007, sun sake yin M3 don masu tarawa, saboda haka sahihin suna a kan sahihin tambari bai isa ya mayar da wuƙa 1943 ba.

6. Duba kube shi kaɗai

Ka ɗauki kube a matsayin wani kaya daban, domin sojoji sun yi ta musanya, dillalai kuma suna aurar da wuƙa da duk kuben da ya shige ta. M3 ta fara da kuben fata mai lamba M6, mai jerin ƙananan ƙarafa a baki da farantin ƙarfe a ƙasa, yawanci da sunan mai yi da 1943. Daga baya aka koma M8 na busasshiyar roba mai ruwan ganye, sannan M8A1 da aka ƙara wa ƙugiyar waya ta rataya a ɗamara. Wanda aka buga wa B.M.CO. na kamfanin Beckwith ne, wanda kuwa yake da hular ƙarfe a tsini ko haruffan PWH na bayan yaƙi ne. Sojojin ruwa sun yi amfani da kube mai ruwan toka da rubutun USN MK2. Kuben fata mai babban hoton gaggafa da duniya da anga a gabansa akasari na kasuwar zamani ne. Kuben Fairbairn-Sykes yana da hular ƙarfe a ƙasa, da kunnuwan fata a gefe don ɗinkewa a jikin kaki, da igiyar roba mai riƙe ƙota, sai na zubin farko da yake da maɓalli a madadin robar. Robar da ta shekara tamanin ba ta da sauran ja, idan tana miƙewa tana dawowa an sake ta.

Kashe fitila ka haska ɗinki da fitilar 'yan canji. Zaren roba na zamani yakan yi walƙiya fari fat, tsohon zaren auduga ko lilin kuwa yakan zauna dishi-dishi. Wannan gwaji yana kama gyara da sabon kube, amma ba ya wanke kowa, domin mai jabu da ya san aikinsa da auduga yake ɗinki.

7. Tabbatar tsufan ya zo ɗaya

Ruwa da makari da ƙota da gindi sun rayu tare, ya kamata su tsufa tare. Tsufan gaskiya yana bin inda hannu yake taɓawa da inda kube yake goga: rufin ya koɗe a tsini da kan tudun ruwa, ya saura a lungun makari. Fatar ƙota takan yi duhu da santsi, ta ɗan tsuke har makari ya riƙa motsi kaɗan, ƙusoshin tagulla na kube kuma su fitar da kore a kewayensu. Tsatsar da aka yi da gishiri ko ruwan tsami ja ce ɗanya, ta bazu ko'ina daidai wa daida, tana kuma kama tsumma. Sansana ƙotar. Warin sabon jima ko na man takalmi a kan wuƙar da aka ce ta 1943 ce abin tsayawa ne a yi tambaya.

8. Auna labarin mai sayarwa

Labari ba ya ƙara kobo sai da takarda ko hoto ko suna da lambar soja da za a iya bi. A ƙasar Hausa labarin da za ka fi ji shi ne cewa kakan wani ne ya dawo da ita daga yaƙin Bama. Sojojin Najeriya sun yi yaƙi a can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu bataliyoyinsu ma sun shiga cikin dakarun Chindit, wato dakarun Birtaniya masu kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944, amma abin yanka da aka san an raba musu shi ne adda ta sare daji. Soja yana iya samun wuƙar Bature ko ta Ba'amurke ta hanyar musaya ko kyauta, don haka labarin ba abin ƙi ba ne, sai dai wuƙar ce za ta tabbatar da shi ta matakai na 4 zuwa 7. Idan gadon gida ne, ka nemi takardar sallama da lambobin yabo na mai ita ka ajiye su tare da ita.

9. Tsayar da shekara, sannan farashi

Jera abin da ka samu a takarda, kowane ɓangare da zamaninsa. Ƙa'idar ita ce, alama mafi ƙuruciya a jikin wuƙar ita ke yanke hukunci: ruwan 1943 da aka sake wa ƙota a shekarun 1980 wuƙa ce gyararriya, haka za a kira ta, haka za a saye ta. Kada ka tilasta shekara guda inda shaida ta ba da tsakani. "Ƙarshen 1943 zuwa 1945" amsa ce cikakkiya ga zubi na uku mai lambar mazubi, haka "1944 zuwa 1945" ga Mark 2 mai tambari a makari.

Wajen kuɗi, ka duba abin da aka riga aka sayar a gidajen gwanjo, kada ka dogara da abin da masu talla suke nema. Fairbairn-Sykes zubin farko tana kai dubban daloli, zubi na uku da yawancin Mark 2 da M3 na yaƙi suna cikin ɗaruruwa, M3 mai shekara a ruwa ta fi mai tambari a makari, sahihin kuben M6 kuma shi kaɗai yana iya kamo kuɗin wuƙar. Zubin farko da aka yi maka tayinsa a kuɗin zubi na uku jabu ne har sai an tabbatar da akasin haka.

Gargaɗi: kafin ka biya kuɗin wadda za a aiko daga waje, ka tambayi hukumar kwastam da kamfanin jigila ko za su bari ta shigo, domin ƙasashe da dama suna da doka ta musamman kan wuƙa mai kaifi biyu, kuma ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. Ka nemi yarjejeniyar mayar da kaya a rubuce idan ta zo ta saɓa wa hotunan.

10. Ajiya

Goge ruwa da busasshen tsumma, ka shafa masa siririn man bindiga ko kakin adana kayan tarihi irin Renaissance Wax, ba tare da man ya taɓa fatar ƙota ba. Kada ka bar ta cikin kuben fata, domin sinadarin jima da danshi suna cin ƙarfe, ka ajiye su kusa da juna amma a rabe. Da damina ka sa ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi a akwatin ka riƙa dubawa duk wata, da hunturu kuma ka nisanta ta daga taga da rufin kwano, saboda bushewar iska tana tsuke faya-fayan ƙota har su tsage. Ka ɗaura mata ƙaramar takarda da zaren auduga mai ɗauke da lambar da ta yi daidai da hotuna da bayanan da ka rubuta a mataki na 2, akwatin kuma ya kasance mai makulli inda yara ba sa kaiwa.